Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun ranar da na ambaci Kwalejin Fourah Bay a wani darasi na tarihin ilimin boko, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini, wasu har sau goma. Na tattara su a nan. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

A ina take?

A Freetown, babban birnin Saliyo, a bakin teku. Ba a Ghana take ba, ku daina haɗa ta da makarantar Achimota ta can.

Wa ya kafa ta, kuma yaushe?

Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ake kira CMS, a watan Fabrairun 1827. Don horar da malaman makaranta da masu wa'azin Kirista aka buɗe ta. Ba su ɓoye wannan ba, mu ma ba sai mun ɓoye ba.

An ce ita ce jami'a mafi tsufa a Afirka. Gaskiya ne?

A'a. Kuma abin yana ɓata mini rai idan na ji ɗan Katsina ko ɗan Kano yana faɗin haka da bakinsa. Alƙarawiyyin ta birnin Fas tun 859 take. Azhar ta Masar tun ƙarni na 10. Ana karatu mai zurfi a Sankore ta Tambutu, ana yi a Gobarau ta Katsina, ɗaruruwan shekaru kafin a aza tubali ɗaya a Freetown. Abin da za ka faɗa ka tsira shi ne: Fourah Bay ce makarantar gaba da sakandare irin ta Turawa mafi daɗewa a Afirka ta Yamma. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. A 1876 aka haɗa ta da Jami'ar Durham ta Ingila, ɗalibi ya zauna a Freetown ya ci jarrabawa a ba shi digirin Durham. Kwalejojin jami'a na Ibadan da Legon ta Ghana sai 1948 aka buɗe su, Jami'ar Ahmadu Bello sai 1962. Ka lissafa tazarar da kanka.

To mu ina ruwanmu da ita? Makarantar Kiristocin bakin teku ce.

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin mai yin ta bai san cewa kakanninsa suna cikin labarin ba.

Bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen da ke ciki a Freetown. Dubban mutane aka zube a garin, daga ƙasar Yarbawa, da Nupe, da Borno, da ƙasar Hausa, da Kwango. Garin ya zama kamar kasuwar harsuna. Wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya zo koyarwa a Fourah Bay a 1847, sai ya ga abin da ke gabansa. Ya riƙa zaunar da waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, yana karanto musu jerin kalmomi da gajerun jimloli kusan 300, yana rubuta yadda kowa ke faɗa da harshensa. Bai tsaya nan ba, sai ya tambayi mutum sunan garinsu, da garuruwan da ke kusa, da hanyar da aka bi da shi har teku, da shekarun da ya yi rabonsa da gida. A 1854 ya fitar da littafin Polyglotta Africana, mai harsuna fiye da 150. Hausa tana ciki, ta Kano da ta Katsina.

Ka tsaya ka yi tunanin Bakatsinen nan. An raba shi da iyayensa, an sayar da shi hannu zuwa hannu, ya tsinci kansa a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga wani Bature yana tambayarsa yadda ake cewa ruwa, da wuta, da uwa. Ya faɗa, aka rubuta, kuma har yau masana harshe suna buɗe shafin.

Na Borno ma sunansa ya tsira. Ali Eisami, ɗan malami ne daga yankin Gazir, aka kama shi, aka ratsa da shi ƙasar Hausa zuwa ƙasar Yarbawa, aka sa shi a jirgi, aka kuɓutar da shi zuwa Freetown a 1818. Daga bakinsa Koelle ya rubuta nahawun Barbarci da tatsuniyoyi da labaran Borno. Haka kuma James Schön, ɗan mishan da ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843 da ƙamus a 1876, a Saliyo ya yi aiki, kuma wajen 'yantattun bayi Hausawa ya soma koyon harshen. Saboda haka in ana maganar yadda aka fara rubuta Hausa da boko, dole a bi ta Freetown. Ajami kuwa muna da abinmu tun kafin nan, kada wani ya ce na ce Turawa suka koya mana rubutu.

Wane ne ɗalibinta na farko?

Samuel Ajayi Crowther. Bayerabe ne daga Osogun, an kama shi yana yaro a 1821, an ceto shi a teku a 1822. Ya zama bishop baƙar fata na farko a Cocin Ingila a 1864. Ya hau Kwara tare da ayarin binciken Turawa a tafiyar 1841, ya shiga Binuwai a ta 1854, ya yi hulɗa da Etsu Masaba na Bida. A ƙarshen rayuwarsa samarin Turawan mishan suka ƙwace aikin daga hannunsa, suka wulaƙanta limaman da ya horar. Ya rasu a 1891. Duk mai son ya yabi CMS ya haɗa da wannan.

Me ya sa shugabannin Arewa na farko ba su yi karatu a can ba?

Saboda Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, suka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Can Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi. 'Yan Kudu ne suka riƙa hawa jirgin ruwa zuwa Freetown, irin su Henry Carr na Legas da Kenneth Dike, wanda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan.

Ɗana ya samu gurbin karatu a can. In tura shi?

Alhaji, wannan ba tambayar i ko a'a ba ce, kuma duk wanda ya ba ka amsa a kalma ɗaya bai yi maka adalci ba.

Da farko, wane fanni? Yau Fourah Bay ɓangare ce ta Jami'ar Saliyo. Ana yin fannonin adabi da tarihi, da shari'a, da injiniya, da kimiyya a can. Amma likitanci da haɗa magani wata kwaleji ce daban a ƙarƙashin jami'ar, haka ma harkar gudanarwa. Idan wani dillali ya ce maka zai sama wa yaro likitanci a Fourah Bay, ka karɓi takardar ka duba sunan kwalejin da ke kanta da idonka. In ma da hali, ka cire dillali daga tsakani gaba ɗaya, ka yi magana da ofishin rajistara kai tsaye.

Na biyu, ina yaron zai yi aiki in ya gama? Idan gida Najeriya zai dawo, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta shari'a a waje yana da ƙarin zango a makarantar horar da lauyoyi kafin ya shiga sahun sauran. Injiniya ma yana da hukumarsa. Kuma dokokin nan suna sauyawa: a farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, iyaye da yawa suka shiga tashin hankali bayan sun riga sun kashe kuɗi. Saliyo ba ta cikin wannan sanarwa, amma darasin ya shafi kowa. Ka je ma'aikatar ka tambaya game da wannan jami'a da wannan kwas, kafin ka biya ko sisi, ba bayan yaro ya kai aji uku ba. In a Nijar ko Ghana kake, ka yi irin wannan tambaya a hukumar ƙasarka.

Na uku, zaman garin. Biza ba matsala ba ce ga ɗan ƙasar ECOWAS a gajeriyar ziyara, amma mai zaman shekaru yana bukatar takardar zama. Filin jirgin sama yana Lungi, a tsallaken ruwa, sai an hau jirgin ruwa ko a yi doguwar zagaya a mota kafin a shiga gari. Makarantar tana kan dutsen Aureol, hawa ne sosai, kuma damina a Freetown ba irin tamu ba ce, a Yuli da Agusta sai a kwana a wuni ana ruwa. Da Turanci ake koyarwa, amma a kasuwa da cikin mota Kiriyo ake yi, zai koya cikin 'yan watanni. Ta fuskar addini ka kwantar da hankalinka: Musulmi ne suka fi yawa a Saliyo, unguwar Fourah Bay kanta tsohuwar unguwar Musulmi ce mai masallatai tun ƙarni na 19, kuma mutanen ƙasar sun shahara da zaman lafiya tsakanin addinai. Maganar ɗakin kwana da ruwa da wuta kuwa, kada ka dogara da hoton da ke intanet. Ka nemi ɗalibin da ke can yanzu, ka kira shi, ka tambaye shi inda yake kwana da nawa yake kashewa a wata.

To, in yaron ya samu irin wannan kwas a jami'ar gwamnati a gida, ni zan ce ya zauna, sai in akwai tallafin karatu ko dangi a can. In kuwa tarihin Afirka ta Yamma ko harsuna yake so ya zurfafa a kai, kuma yana da jimiri, zama a Freetown zai ba shi abin da aji ba zai ba shi ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tura yaro don sunan 1827 kawai. Ƙasar ta sha yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, malamai da yawa sun bar ta, kuma makaranta ba ta farfaɗowa daga irin wannan a dare ɗaya.

Har yanzu digirin Durham ake bayarwa?

A'a. An raba gari a 1967.

Mata fa?

Sun shiga a makare. Lati Hyde-Forster ce mace ta farko da ta kammala, a 1938, shekara 111 bayan buɗewa.

Ba 'yan koren Turawa kawai ta haifar ba?

Ka karanta kafin ka yanke hukunci. Africanus Horton ya bi ta nan kafin ya zama likita, kuma tun a 1868 ya rubuta littafi yana cewa 'yan Afirka ta Yamma za su iya mulkin kansu, yana neman a kafa musu jami'a. Casely Hayford na Ghana, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar siyasar yankunan Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Birtaniya a 1920, ɗalibinta ne. Milton Margai, firayim ministan da ya karɓi 'yancin Saliyo a 1961, shi ma haka. A Janairun 1977 ɗalibanta suka ɗaga wa Shugaba Siaka Stevens kwalaye a bainar jama'a ranar bikin yaye ɗalibai, zanga-zangar ta bazu har makarantun sakandare. An koya musu Girkanci da Latin don su zama limaman coci, da yawansu suka ɗauki ilimin suka yi abin da mai koyarwar bai nufa ba. Akwai kuma waɗanda suka raina mutanen karkara, suka ɗauki kansu Turawa baƙaƙe. Duka biyun sun faru.

Tsohon ginin yana nan?

Bangonsa yana nan, a Cline Town kusa da tashar jiragen ruwa. Bene ne na jan dutse, an aza harsashinsa a 1845 lokacin da Edward Jones, baƙar fata ɗan Amurka daga Charleston, yake shugabantar kwalejin. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe shi, aka kwashe ɗalibai zuwa garin Mabang, daga baya aka koma dutsen Aureol. Ginin ya zama ofishin jirgin ƙasa, ya zama kotun majistare, sannan gobara ta cinye rufinsa da benayen katako a 1999, shekarar da 'yan tawaye suka shiga Freetown. In ka je, ka nemi izini wajen masu kula da wurin, kuma kada ka ɓalle ko ɗan tsakuwa ka sa a aljihu.