Matsalar Sarauniyoyi Takwas

Matsalar sarauniyoyi takwas wasa ƙwaƙwalwa ne da ake yi a kan allon darar ces mai gidaje 64, inda ake so a jera sarauniyoyi takwas ba tare da ɗaya ta sami damar cin wata ba. Da yake sarauniya, ɗaya daga cikin 'ya'yan darar ces, tana tafiya a tsaye da kwance da kuma a karkace, iya nisan da hanya ta ba ta, sharaɗin shi ne kada biyu su haɗu a layi ɗaya ta kowace fuska.

Wani Bajamushe mai tsara matsalolin ces, Max Bezzel, shi ne ya wallafa ta a 1848. A 1850 Franz Nauck ya fitar da amsoshinta 92, ya kuma faɗaɗa tambayar zuwa allo mai kowane girma, inda yawan sarauniyoyi yake daidai da yawan layukan allon. Shahararren masanin lissafi Carl Friedrich Gauss ma ya yi nazarinta.

Armashin matsalar yana cikin yadda tunani yake rage aiki. Hanyoyin ɗora sarauniyoyi takwas a gidaje 64 sun kai 4,426,165,368, adadin da ba mai iya bin sa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Amma da zarar an lura cewa dole kowane layi na tsaye da na kwance ya ɗauki sarauniya guda tak, sai adadin ya sauko zuwa 40,320, abin da ya rage kuwa shi ne duba layukan karkace. Ga amsa ɗaya, bisa sunayen gidajen allo, inda harafi yake nuna layin tsaye, lamba kuma layin kwance: a1, b5, c8, d6, e3, f7, g2, h4.

Cikin amsoshi 92 ɗin, 12 ne kawai na asali. Sauran ana samun su ne ta hanyar juya allon ko kallon sa a madubi: 11 kowace tana ba da siffa takwas, ɗaya kuma huɗu.

Masu koyar da ilimin kwamfuta suna ji da wannan matsala ƙwarai, musamman tun da masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya yi misali da ita a 1972 wajen bayyana dabarar komawa baya: a ɗora sarauniya, a ci gaba, idan hanya ta toshe a ɗauke ta ƙarshe a gwada gida na gaba.

Allo mai layi biyu ko uku ba shi da amsa. Mai huɗu yana da amsa 2, mai biyar 10, mai shida kuwa, abin mamaki, 4 kacal.