Sulhu: wa ya kamata ya fara tashi?

Tun ƙarshen 2024, da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da aka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe karar shanun garin, kalmar sulhu ba ta bar bakin mutanen Kaduna ba. A rediyo sulhu, a taron siyasa sulhu, ranar Lahadi ma ka shiga majami'a ka tarar da ita cikin wa'azi.

Ma'anarta ta sama kowa ya sani: an ɓata, an shirya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar duk wani shiru a kira shi sulhu. Idan bindiga ta yi shiru, manomi ya koma gona, direba ya bi hanyar Birnin Gwari ya isa lafiya, wannan tsagaita wuta ne, kuma alheri ne babba, wanda ya taɓa binne nasa ba zai raina shi ba. Yafiya kuma daban take, mutum ɗaya na iya yin ta shi kaɗai a ɗakinsa ko da mai laifin bai taɓa neman ta ba. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, kuma sai an gyara abin da aka ɓata. To a bakin masu magana a rediyo duk an dama su wuri guda, kuma idan aka dama, nauyin kan faɗa a kan wanda aka cuta. Shi ake ce wa ya yi haƙuri, shi ake karanta wa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Mu Kirista muna da hannu a wannan ruɗani, don mun iya jawo ayar gafara da sauri. Amma a duba Matiyu 5:23-24. Yesu ya ce idan ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Wa aka ce ya tashi? Wanda ake ƙara da shi. Ba a aiki mai kuka ya je ya nemo wanda ya sa shi kuka ba.

Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Zakka a Luka 19, wanda muka mayar da shi labarin yara a makarantar Lahadi saboda gajere ne ya hau itacen ɓaure. Mutumin nan shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, yana tara wa Romawa masu mulkin mallaka kuɗi, kuma irinsu sun yi suna wajen ɗora nasu rabon a kan talaka. Da Yesu ya ce zai sauka gidansa, jama'a suka yi gunaguni, kuma ni ban ga laifinsu ba, kuɗinsu ne ya gina gidan. Sai Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ninki huɗun nan ba daga ka ya faɗe shi ba. A dokar Musa, wanda ya ci amana ya zo da kansa ya amsa laifi, abin da ya ci zai mayar ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, haka yake a Littafin Ƙidaya 5:7. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne da ya yanka ko ya sayar, a Fitowa 22:1. Wato Zakka yana da hanya mai sauƙi a gabansa, ya bar ta ya yanke wa kansa hukuncin ɓarawo, a gaban mutanen da ya cuta. Bayan wannan ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan. Babu inda aka tara mutanen Yariko aka ce su yafe wa Zakka don gari ya zauna lafiya, shi kuma ya ci gaba da riƙe kuɗin.

Shi ya sa idan na ji an ce wane ya tuba an yi sulhu, tambayata ta farko ita ce, ina shanun? Ina gonakin da aka kori masu su? Kuɗin fansar da iyaye suka sayar da gida suka biya fa?

Garin Kaduna ya sha sa hannu a takarda. A watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, shugabannin addini 22, Musulmi da Kirista, suka rattaba hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, bayan rikicin shari'a na 2000. Wata uku ba a cika da kyau ba rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a Nuwamba. Ban ce takardar banza ce ba, cikin waɗanda suka yi ɗawainiyarta akwai Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori biyu masu gaba. Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin Zangon Kataf na 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kuma su biyun ba su ɓoye rawar da suka taka ba. Nasu sulhu ne. Amma garin fa? Har yau kogin Kaduna ne iyaka a zukatan mutane da yawa. Wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma Sabon Tasha, da wanda ya bar Kakuri ya koma Rigasa, da yawansu sun rabu da gidajensu a farashin gudun rai. Annabi Irmiya ya yi faɗa da masu cewa lafiya lafiya alhali babu lafiya, ya ce sun yi wa ciwon jama'a magani sama-sama.

Kada kuma mu tsaya nuna gwamnati da yatsa, don ƙaramin sulhun da ake yi a ofishin fasto ya fi yawa. Mace mijinta ya rasu, ƙanensa ya kwashe takardun fili. Ko matar da ta zo da kumburarren ido. Dattawan ikilisiya su zauna, a buɗe da addu'a, a ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Ubangiji," a sa su gaisa, a rubuta cewa an yi sulhu. Ta fita hannu wofi, shi ya fita da takardun a aljihu, Lahadi mai zuwa kuma shi ne zai zagaya da kwanon baiko. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 5:18 an danƙa mana hidimar sulhu. In dai dattawa za su yi wannan hidima, su fara da ce wa ƙanen mijin ya ɗora takardun filin a kan tebur, zancen gaisawa ya biyo baya idan ita ta ga dama.