In, on ko to: ƙa'idar rubuta rauni da Ingilishi

Majinyacin da aka ɗauka daga Maraɗi aka wuce da shi Katsina ko Kano, takardarsa ta likita da Faransanci take, can kuwa da Ingilishi ake aiki. Wajen juya ta ake tuntuɓe. Bahaushe "a" ɗaya ta ishe shi: a ƙafa, a ka, a baya. Faransanci ma "à" yake sawa, shi ya sa masu karatunmu ke rubuta "injured at the leg". Wannan kuskure ne, "at" ba ta da gurbi a nan.

Zurfin raunin ake dubawa. Idan abu ya huda fata ya shiga nama, "in" ce: "shot in the leg", "stabbed in the chest". Idan a saman fata ya tsaya, irin ƙujewar da ɗan kabu-kabu ke samu in ya zame a kan kwalta, sai "on": "a cut on the hand", "a bruise on the arm". Dukan sanda a ka ma "hit on the head" ne. Naushi da shuri sun saɓa wa wannan, ba su huda komai amma ana cewa "punched in the face", "kicked in the stomach". Waɗannan sai hadda.

Rahoton likita ya fi son "to", bayan sunan raunin: "an injury to the head", "burns to the face". Karaya "of" take ɗauka, "a fracture of the femur", ciwo kuma "in", "pain in the back".

Inda abin ke iya kai mutum gaban alƙali shi ne "by" da "with". "By" na nuna wanda ko abin da ya yi ɓarnar, "with" na nuna makamin da ke hannun wani. "Hit by a car" mota ce ta buge shi, hatsari ke nan. "Hit with a stick" kuwa akwai hannun da ya ɗaga sandar. Idan mai fassara ya rubuta "hit with a car", ya jingina wa direba ganganci, alhali takardar asali ba ta faɗi haka ba. In duka biyun ake son faɗa, a haɗa su: "stabbed in the back with a knife by the suspect".

Hatsarin kansa "in" ne, "injured in an accident". Idan rai ya yi halinsa, "died of" da "died from his injuries" duk sun karɓu.