Kayan Gini da Tattalin Makamashi a Gine-gine

Tattalin makamashi a gine-gine fanni ne na injiniyanci da ke nazarin yadda za a gina gida ko makaranta ko asibiti ko gada ba tare da an ci wuta da mai fiye da kima ba, tun daga ranar da aka haƙo kayan a ƙasa har ranar da aka rushe ginin. Masu bincike a fannin sun raba lissafin gida biyu. Akwai makamashin da ake ƙonawa wajen sarrafa kayan da kansu, wato gasa siminti da narka ƙarfe da gilashi da jigilarsu zuwa wurin aiki, wanda tun kafin a saka mabuɗi a ƙofa an riga an kashe shi. Akwai kuma makamashin zama, wanda mazauna ke ci kullum wajen sanyaya ɗaki ko ɗumama shi, da haske, da ruwan zafi. Hukumar Makamashi ta Duniya mai hedikwata a birnin Paris ta ƙiyasta cewa wannan kashi na biyu kaɗai yana lashe kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Abin da ya haɗa lissafin biyu shi ne zaɓen kayan, domin bangon da aka tayar yau shi zai yanke yawan wutar da za a ci shekara hamsin nan gaba.

Siminti da matsalar kilinka

In an cire ruwa, babu abin da ɗan Adam ke amfani da shi da yawa kamar kankare. Simintin da ake kwaɓa shi da shi ya samo suna ne daga wani magini ɗan birnin Leeds na Ingila, Joseph Aspdin, wanda ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa a 1824, ya kira shi simintin Portland saboda in ya bushe yana kama da wani dutse da ake fasawa a tsibirin Portland. A yau duniya na sarrafa kimanin tan biliyan 4 a shekara, kusan rabinsa a ƙasar Sin.

Ana niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a zuba su cikin wata doguwar tanda mai juyawa, a gasa su har zafin ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos. Abin da ke fitowa dunƙulalle ne kamar tsakuwa, ana kiransa kilinka, shi ake niƙewa da ɗan jibsam ya zama siminti. A nan damuwar take. Man da ake ƙonawa yana fitar da iskar kabon mai ɗumama duniya, amma wannan bai kai rabin abin ba. Shi kansa dutsen farar ƙasa, in ya ji wuta, yana rabuwa ya saki iskar kabon da ke cikinsa, kuma wannan ne ke ba da kusan kashi 60 cikin 100 na hayaƙin masana'antar. Ma'ana ko da an hura tandar da wutar hasken rana, kaso mafi girma yana nan daram. Shi ya sa siminti ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, shi ya sa kuma bincike mai ma'ana ya karkata ga tambaya guda: yaya za a rage kilinka a cikin buhu ba tare da ƙarfin kankare ya ragu ba?

Amsar farko tsohuwa ce. Rumawa sun riƙa gauraya farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da suke ɗebowa kusa da garin Pozzuoli. Da irin wannan kwaɓi suka gina ƙubbar Pantheon a birnin Rum a zamanin sarki Hadrian, mai faɗin mita 43, ba rodi ko ɗaya a cikinta, ga ta nan tsaye bayan kusan shekara 1,900. A 2023 masu bincike a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, ƙarƙashin Admir Masic, sun nuna cewa fararen gutsattsarin farar ƙasa da ake gani cikin kankaren Rumawa, waɗanda a da ake ɗauka alamar rashin iya kwaɓi ce, su ne ke narkewa in ruwa ya shiga tsaga su toshe ta.

Masana'antun zamani sun daɗe suna bin sawun wannan dabara da tokar tashoshin wuta masu ƙona kwal da kuma kashin ƙarfen da ke fita daga manyan tandun narka tama. Suna aiki sosai, sai dai ba su wadatar ba, kuma tokar kwal raguwa take yi yayin da ake rufe tashoshin. Tokar ƙaiƙayin shinkafa ma tana yi in an ƙona ta da kulawa. Amma binciken da ya fi cancantar a sa masa ido shi ne na simintin LC3, wanda Karen Scrivener ta jagoranta a jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan tare da abokan aiki a Kyuba da Indiya. Haɗinsa kashi 50 kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 ɗanyen dutsen farar ƙasa, kashi 5 jibsam. Yumɓun ba ya buƙatar zafi fiye da kimanin digiri 800, kuma ba ya sakin iskar kabon kamar farar ƙasa, don haka hayaƙin na iya raguwa har da kashi 40 cikin 100. Kyawunsa shi ne bai nemi a sāke duniya ba: yumɓu yana ko'ina, tandun da ake da su za su iya aikin da ɗan gyara, magini kuma zai kwaɓa shi yadda ya saba.

Yadda zafi ke ratsa bango

Zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa mai sanyi. Masanin lissafi ɗan Faransa Joseph Fourier ne ya shimfiɗa ƙa'idar tafiyarsa cikin daskararrun abubuwa a 1822, kuma da ita ake aiki har gobe. Kowane abu yana da adadin da ke nuna saurin da zafi ke ratsa shi, kuma gwargwadon girman adadin, gwargwadon saurin. Na alminiyam ya haura 200, na ƙarfe kimanin 50, na kankare tsakanin 1.4 da 2, na katako wajen 0.13, na audugar gilashi da soson roba kimanin 0.035 zuwa 0.04. Iskar da ba ta motsi tana da 0.026, kuma wannan shi ne sirrin duk wani abin tare zafi: ba komai ba ne illa iska da aka ɗaure cikin ƙananan ramuka. Wanda ya fi kowa a nan shi ne erojel, wani daskararren abu mara nauyi da kusan duk jikinsa iska ce, wanda Samuel Kistler ya fara haɗawa a 1931, sai dai tsadarsa ta sa ba a cika sa shi ba sai inda wuri ya yi ƙunci.

Tare zafi daban, ajiye zafi daban, kuma mutane da yawa na rikita su. Bango mai kauri na ƙasa ko dutse ba ya tare zafi da kyau, amma yana shanye shi da rana, ya riƙe shi sa'o'i, ya sake shi da dare. A inda rana ke ƙuna dare kuma ke sanyi, wannan jinkiri babbar ni'ima ce. Dogayen benayen ƙasa na Shibam a Yaman da babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sāke ginawa a 1907, shaida ne. Masanin zanen gini ɗan Masar Hassan Fathy ya kare wannan hikima a shekarun 1940 lokacin da ake mata kallon ci baya. Daga baya injiniya Raúl Ramírez ya ƙera injin hannu na matse bulon ƙasa a Kolombiya a shekarun 1950, aka kafa cibiyar binciken ginin ƙasa ta CRAterre a Grenoble ta Faransa a 1979 don auna ƙarfin ƙasa da ilimi maimakon kintace. Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001 da irin wannan bulo, ya ɗaga kwanon rufi sama da silin don iska ta riƙa wucewa tsakaninsu, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini. A Harare, cibiyar Eastgate da Mick Pearce ya zana, wadda aka buɗe a 1996, tana sanyaya kankarenta da iskar dare.

Sai dai a inda dare ke da zafi da laima, bango mai nauyi na iya zama azaba, don ba ya samun lokacin hucewa. A can inuwa da gini mara nauyi da tagogi masu fuskantar juna sun fi amfani. Wannan ne darasin da aka fi sakaci da shi a fannin: babu kayan da ke da kyau a ko'ina. Benen gilashi da aka kwaikwayo daga ƙasa mai sanyi aka dasa a ƙasa mai zafi tanda ce kawai mai tsada.

Taga da rufi

Taga ce mafi raunin bango. Gilashi falle ɗaya yana barin zafi ya wuce ninki biyu na mai falle biyu. In aka shafa wa gilashin wani siririn lulluɓin ƙarfe da ido ba ya gani, aka cika tsakanin da iskar argon, sai asarar ta koma kusan kashi ɗaya cikin biyar na falle ɗaya. Cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Amurka ta taka rawa wajen bunƙasa wannan lulluɓi bayan rikicin man fetur na 1973.

Rufi kuwa shi ke shan rana tsaye. Baƙin rufi kan haura digiri 65 da tsakar rana, fari kuma yana mayar da mafi yawan hasken sama. A 2021 tawagar Xiulin Ruan a jami'ar Purdue ta haɗa farin fenti mai mayar da kashi 98.1 cikin 100 na hasken rana. Ko farin fenti na yau da kullum ma yana taimakawa ƙwarai, in dai ana wanke ƙura. Batun ba ƙarami ba ne, domin a 2018 Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashen na'urorin sanyaya ɗaki za su ƙaru daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050.

Gidan da kusan ba ya son murhu

A ƙasashe masu sanyi an bi wata hanyar. Gidan gwaji da aka gina a Regina ta Kanada a 1977 ya nuna cewa kauri na abin tare zafi da toshe kafofin iska sun fi kowace na'ura tasiri. Wolfgang Feist na Jamus da Bo Adamson na Suwidin suka ɗora a kai, aka gina gidan Passivhaus na farko, wato gida mai riƙe ɗuminsa da kansa, a Darmstadt ta Jamus a 1991. Ƙa'idarsa ita ce kada ɗumamawa ta ci fiye da kilowat-awa 15 a kowane murabba'in mita a shekara. Ana gwada toshewar gidan da wata fanka da ake ɗaurawa a bakin ƙofa, ana kuma saka na'urar da ke shigo da sabuwar iska tana karɓe ɗumin wadda ke fita.

Wani abin lura ya biyo baya: da zarar makamashin zama ya ragu haka, sai na sarrafa kayan ya zama babban kaso na lissafin. Wannan ya dawo da katako fagen. Allunan katako da ake mannawa a gicciye, waɗanda aka bunƙasa a Ostiriya a shekarun 1990, suna cikin kayan katakon da aka yi amfani da su wajen gina benen Mjøstårnet mai tsawon mita 85.4 a Norwe a 2019. Ribarsa ta dogara ne ga a dasa madadin abin da aka sare.

Hanyoyi da gadoji

Ana dafa kwaltar hanya a zafin digiri 150 zuwa 180. Wasu sinadarai na ba da damar rage wannan da digiri 20 zuwa 40, kuma ana iya kankare tsohuwar kwalta a sāke dafa ta. A gadoji babban abokin gaba tsatsar rodi ce, wadda ke kumbura ta fasa kankare daga ciki. Henk Jonkers na jami'ar Delft a Holan ya gwada saka ƙwayoyin bakteriya cikin kwaɓi, waɗanda ke farkawa in ruwa ya shiga su cike tsaga da farar ƙasa. Gadar da ta yi shekara 100 maimakon 50 ta raba makamashin gininta biyu.

Haɗari da giɓin da ke tsakanin zane da gaskiya

Tattalin makamashi ba ya halatta sakaci da rai. Asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, ya yi shekaru ana yabonsa wajen tare zafi da wuta kafin a tabbatar yana haddasa cutar daji. A ranar 14 ga Yuni 2017 gobara ta kama benen Grenfell a Landan, mutum 72 suka rasu, kuma binciken hukuma ya gano cewa allunan da aka lulluɓe bangon waje da su lokacin gyara, masu roba a tsakiya, su suka yaɗa wutar. Gidan da aka toshe ba tare da hanyar shigar iska ba kuma yana tara laima da fumfuna.

Sannan sau da yawa gini kan ci wuta fiye da abin da kwamfuta ta lissafa. Wani lokaci laifin aikin hannu ne: 'yar kafa a jikin taga, ko ƙarfen da ya ratsa abin tare zafi ya zama gada ga zafin, abin da kyamarar gano zafi ke tonawa nan take. Wani lokaci kuma halin mazauna ne, don in sanyaya ɗaki ta yi araha sai a bar na'ura a kunne. Don haka masu bincike yanzu suka fi yarda da abin da mita ta nuna bayan shekara guda da tarewa fiye da abin da ke kan takarda.

Yawancin gine-ginen da za a zauna ciki nan da shekara ashirin a ƙasashe masu arziki sun riga sun tsaya, kuma makamashin da ke cikin ginshiƙansu an riga an biya shi. Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, waɗanda suka karɓi kyautar Pritzker a 2021, sun yi aiki da wannan hujja a unguwar Grand Parc ta birnin Bordeaux a Faransa. Maimakon rushe tsofaffin benaye uku masu gidaje 530, sai suka ƙara wa kowane gida baranda da aka kewaye da gilashi da ke tare sanyi, aikin kuma ya gudana mazauna suna cikin ɗakunansu.