Hawan Dutsen Totil a Kasala: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa za a hau Totil, alhali Taka ya fi shi tsawo?

Duwatsu uku aka fi ambata a gabashin garin Kasala na ƙasar Sudan, wato Taka da Totil da Awetila. Taka ne babbansu, amma ƙololuwarsa curin dutse ne sumul, wanda ba ya hawuwa sai da igiya da ƙwarewa. Shi kuwa Totil yana da hanya tsakanin manyan duwatsun da suka gangaro suka taru a gindinsa, kuma mai matsakaicin ƙarfi zai iya kaiwa kafaɗarsa. A ganina nan ne ma ya fi, domin daga nan mutum yake ganin girman Taka sosai, abin da wanda ya manne a jikinsa ba zai gani ba.

Me ake hangowa daga can?

Idan aka juya yamma, ga gari shimfiɗe, ga kogin Gash da ya fito daga Eritiriya, wanda yawancin shekara yashi ne zalla, sai da damina yake kawo ruwa. A gefensa akwai lambunan da mutanen gari suke kira sawagi, cike da mangwaro da gwaiba da ayaba, korensu ya yanke fili kamar an ja layi. A ƙasa kuma ana ganin unguwar Khatmiyya da hasumiyar masallacinta, inda kabarin Sayyid Hasan al-Mirghani, shehin ɗarikar Khatmiyya, yake. Ta gabas, idan babu ƙura, tsaunukan Eritiriya suna bayyana dishi-dishi.

Yaushe ya kamata a tashi?

Bayan sallar asuba, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma kafin hantsi dutsen ya ɗauki zafin da tafin hannu ba zai iya dafa shi ba.

Wane shiri ake bukata?

Ruwa isasshe da takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas, kuma jallabiya a naɗe ta, domin takan harɗe ƙafa. Saukowa ta fi hawa haɗari, saboda tsakuwar da ke kan dutsen tana zame ƙafa. Akwai birai, kada a riƙe abinci a hannu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wajibi ne baƙo ya tambayi 'yan uwa Hausawan garin halin da ake ciki, ya kuma tafi da ɗan gari.

Gaskiya ne wanda ya sha ruwan rijiyar Totil sai ya dawo Kasala?

Haka mutanen gari suke faɗa, kuma angwaye da amare masu zuwa yawon amarci ba sa wuce ta. Ko mutum bai yarda ba, bayan ya sauko da ƙishirwa zai sha, sannan ya zauna a rumfunan gindin dutsen a kawo masa jabana, gahawa mai citta, a 'yar butar yumɓu da ƙananan kofuna.