Fulat-fulat na masu hannu da shuni a Ikoyi, Legas

Fulat na alfarma, wanda 'yan harkar gidaje suke ce ma kondo, gida ne a cikin dogon bene mai hawa da yawa inda kowa ya mallaki nasa ɓangaren, amma lifta da harabar ajiye motoci da wurin ninƙaya da janareto na kowa da kowa ne. A Legas irin waɗannan gidajen sun fi yawa a Ikoyi da Victoria Island da Lekki, sai kuma Eko Atlantic da ake kan ginawa a filin da aka cike daga teku.

Ikoyi asali unguwar Turawan mulkin mallaka ce, gidaje ne 'yan ƙasa-ƙasa da manyan filaye da bishiyoyi, shi ya sa har yau sunayen titunan na Turawa ne, irin su Bourdillon da Glover da Gerrard. Da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991 sai aka shiga sayar da gidajenta sannu a hankali, 'yan kasuwa suka saye suka rushe, filin da da iyali ɗaya ke zaune yanzu bene ne mai hawa goma sha wani abu. Haka rukunin gidajen nan da ake kira 1004 a Victoria Island, gwamnati ce ta gina shi a ƙarshen shekarun 1970, a 2007 aka sayar wa wani kamfani. Banana Island kuwa tsibiri ne da aka cike da yashi a gefen Ikoyi, siffarsa kamar ayaba, kuma ba a shiga sai wanda za ka je wurinsa ya yi maka iso a get.

To amma fa abin da mutum yake saye a nan ba ɗakuna ba ne kawai, hutu yake saye daga wahalar Legas. Wuta ba ta ɗaukewa don ko NEPA ta yi halinta janareto ya tashi kafin ka ankara, ruwa na bohol ne da ake tacewa saboda ruwan ƙasan yankin ga gishiri-gishiri ga ja, tsaro awa 24, shara ma wasu ke kwashewa. Duk wannan kuɗi ne, shi ake kira sabis caji, ana biyansa duk shekara ban da kuɗin dizal, kuma ko kai ka sayi fulat ɗin da gumin ka sai ka biya, in ka ƙi su yanke maka wuta kana ji kana gani. Nan ne rigima ta fi yawa tsakanin mazauna da kamfanin da ke kula da ginin, musamman in dizal ya tashi. Farashin saye da na haya sau da yawa da dala ake yanka shi, sannan dokar haya ta jihar Legas ta 2011 da ta taƙaita karɓar kuɗin haya na gaba ba ta shafi Ikoyi da Victoria Island ba, don haka mai gida ya ce shekara biyu zai karɓa babu mai ce masa don me.

Wani abin mamaki, da daddare ka duba benayen nan za ka ga tagogi da yawa duhu. Masu su suna Abuja ko Landan ko Dubai, ajiyar kuɗi kawai suka yi. A watan Afrilun 2017 ma hukumar EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 tsaba a wani fulat na benen Osborne Towers da ke Ikoyi.

'Yan Arewa suna cikin harkar ta fuska biyu. Akwai alhazai 'yan kasuwa da 'yan siyasa da suka mallaki fulat, akwai kuma masu gadi da direbobi da 'yan canji da masu kawo kayan miya, da yawansu daga Obalende suke shigowa da sassafe tunda makwabtaka ne, wasu kuma a bikiyu suke kwana, wato ɗan ɗakin 'yan aiki da ake haɗawa da kowane fulat, wanda wani lokacin katifa ɗaya ce ke cika shi. Bahaushen da ya saba da zaure da tsakar gida yakan sha wuya a nan, baƙo daga Kano ba zai faɗo haka kawai ba sai an buga waya daga get, ragon layya kuma sai an nemi izinin inda za a ɗaure shi.

Tsada ba ta hana haɗari. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard ya rushe, mutum sama da 40 suka rasu, tun daga lokacin masu saye suka ƙara matsa wa ejan da tambayar takardar izinin gini da ta mallakar fili. Damina kuma in ta kankama ruwa yana cika titunan Lekki da Victoria Island, mai fulat a hawa na 15 ƙafarsa a bushe amma motarsa tana ƙasa cikin ruwa.