Ba Iskar Oksijin Ke Kashe Mai Juna Biyu Ba

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa an daɗe ana cewa wanda aka sa wa oksijin a asibiti kwanansa ya ƙare. Shi ya sa wasu kan hana a sa wa mai juna biyu idan mura mai tsanani ta sauka mata a ƙirji.

Tsoron yana da dalili: galibi sai ciwo ya ci jiki ake kai mutum asibiti, sai a ɗora laifin kan iskar. Amma oksijin yana cikin iskar da muke shaƙa kullum, kashi 21 cikin ɗari. Mai ciki kuwa numfashin mutum biyu take yi, ga ciki ya tokare huhu. Idan oksijin ya ragu a jininta, ɗan cikin ma zai rasa, haɗarin haihuwar bakwaini ya ƙaru.

Ku roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna muku 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna yawan oksijin da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ku dubi lambar kafin a sa iskar, ku sake dubawa bayan an sa.

Don Allah a tura wa magidanta da surukai, domin su ke yanke shawara.